Ƙyauren lambuna yana jan ƙasa, gyara ko sabo?

Maman_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar masu sani nake nema. Ina da ɗan lambu a bayan gida nan Funtuwa, na zogale da alayyafo da yakuwa da 'yan shukokin tumatir, an zagaye shi da waya. Da rani kafinta ya yi mini ƙyauren katako ya rufe shi da fallen kwano, faɗinsa ƙafa 5 don baro ya riƙa shiga da taki. Da farko yaro ma yana iya tura shi. Da damina ta yi nisa sai gefen sakata ya fara sauka. Yanzu sai an ɗaga shi da hannu biyu yake buɗuwa, har ya tona hanya a ƙasa, sakata kuma ta daina shiga raminta. Da igiya nake ɗaure shi, awakin unguwa kuwa sun gano hanya. Kafintan ya ce zai zo da zarto ya rage ƙasan. Ni dai hankalina bai kwanta da haka ba. Ana gyara shi ne ko sai an yi sabo?

DanFadama:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki yarda a yanke. In an rage ƙasan zai buɗu na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da saukarsa, tunda abin da ke sa shi sauka yana nan. Ga shi an bar wa kaji da 'yan awaki hanya ta ƙasa.

Kafinta_Naibawa:
Hajiya sannu. Wannan sana'ata ce, bari in yi bayani yadda za ki gane da kanki kafin ki kira kowa. Ƙyaure ba ya sauka sai ɗaya daga cikin wuri uku ya saki: ko ginshiƙin da aka rataye shi ya karkata, ko hinji ya saki, ko shi kansa jikin ƙyauren ya goce. Kowanne da maganinsa, shi ya sa ba a fara gyara sai an duba.

Ki samu igiya ki ɗaura ɗan dutse a bakinta, ki riƙe ta a saman ginshiƙin ki sake ta. In tazarar da ke tsakanin igiyar da ginshiƙin a sama ba ɗaya ba ce da ta ƙasa, ginshiƙi ya kwanta. Daga nan ki sa wani ya ɗaga bakin ƙyauren sama ya sake shi a hankali, ke kuma idonki na kan hinjin sama. In kin ga ƙusoshi suna motsi a cikin katakon, to hinji ne. Na ƙarshe, ki ɗauki tef ɗin ɗinki, ko igiyar nan ma ta isa, ki auna daga kusurwar sama ta hagu zuwa kusurwar ƙasa ta dama, sannan daga ta sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu. Ƙyaure mai lafiya awon nan biyu daidai suke fitowa. In ɗaya ya fi ɗaya tsawo, jikin ƙyauren ne ya goce.

Tambayata ɗaya: a bayan kwanon, akwai katakon da aka gitta daga kusurwa zuwa kusurwa?

Maman_Hanifa:
Malam na gode. Babu. Katako huɗu ne na zagaye da ɗaya a kwance a tsakiya. Zan auna gobe da safe in Allah ya kai mu.

Kafinta_Naibawa:
To kusan na san abin da za ki samu. Na tsakiyar nan da ke kwance ba ya hana komai. Abu mai kusurwa huɗu, in ƙusa ce kawai ta riƙe mahaɗansa, nauyinsa kaɗai ya isa ya gotar da shi. Mai kusurwa uku ba ya gocewa sai dai ya karye. Aikin matokarin da ake gittawa ke nan, ya raba ƙyauren gida biyu, kowanne kusurwa uku. A sa katakon tu-bai-tiri, wato mai kaurin inci 2 da faɗin inci 3, busasshe, ƙafarsa a kusurwar ƙasa ta wajen hinji, kansa a kusurwar sama ta wajen sakata.

Walda_Panteka:
Oga kafinta, a nan ban bi ka ba. Mu a wajen walda, rodi daga saman gefen hinji muke ɗauko shi mu sauke shi ƙasan gefen sakata. Ƙyamaren da na yi haka suna nan a gidajen mutane a Kaduna, ba wanda ya dawo mini da ƙorafi. Kai kuma ka ce daga ƙasa zuwa sama. Kada mu rikita baiwar Allah.

Bakatsine77:
Ni ma abin da na sani ke nan, daga sama zuwa ƙasa. Ai rataye shi ake so a yi.

Kafinta_Naibawa:
Maigida, kai ƙarfe kake narkawa ya zama abu ɗaya, ni ƙusa nake bugawa. Je ka gitta katako yadda ka ce ka dawo bayan damina ɗaya ka gani.

Injiniya_Samaru:
Ku yi haƙuri in shiga tsakani, domin kowannenku yana da gaskiya a kan kayan aikinsa. Idan matokari ya tashi daga ƙasan gefen hinji zuwa saman gefen sakata, nauyin ƙyauren danna shi yake yi. Katako yana jure danni sosai, kuma dannin ƙara matse mahaɗar yake, ko ƙusa ta yi sako-sako katakon na zaune a gurbinsa. Idan kuwa aka ɗauko daga saman gefen hinji zuwa ƙasan gefen sakata, nauyin jan sa yake yi. Rodi da waya suna jure ja, walda ma tana riƙewa. Amma katakon da aka buga da ƙusa, in ana jan sa kullum, ƙusar ce za ta yi ta cin raminta har ta saki. Haka nan siririn rodi in ka sa shi a inda za a danna shi, lanƙwashewa zai yi. Saboda haka katako daga ƙasan hinji zuwa sama, waya ko rodi daga saman hinji zuwa ƙasa. Ƙyauren Hajiya na katako ne, maganar Malam kafinta ce ta dace da shi in katako za a sa.

Walda_Panteka:
To Injiniya, a haka na yarda. Amma in nawa ne, ƙyauren da za a bari a waje rana da ruwa su yi ta dukansa, na ƙarfe zan yi in huta.

Yar_Maradi:
Salamu alaikum. A lambunmu da waya muka tayar da namu, kuma ba mu kashe kuɗin kirki ba. Aka ɗora bakin ƙyauren a kan bulo har ya ɗan wuce daidai kaɗan, aka ninka waya mai kauri biyu daga kusurwar sama ta wajen hinji zuwa kusurwar ƙasa ta wajen sakata, aka sa guntun ƙarfe a tsakiya aka yi ta murɗawa har ta ɗaure tam, sannan aka ɗaure ƙarfen a jikin ƙyauren don kada ya warware. Daɗin abin, duk sanda ya sake sauka sai a ƙara murɗawa sau ɗaya ko biyu. Sai dai a huda katakon a zura wayar ta ciki, kada a naɗe ta a kan ƙusa.

AbuSadiq_Gusau:
Ku sa masa taya a ƙasan gefen sakata kawai. Irin tayar baro ƙarama. Shi ke nan nauyi ya koma ƙasa.

DanFadama:
AbuSadiq, taya tana aiki a inda aka yi daɓen siminti. A lambu fa? Ƙasa ce da ake ba ruwa kullum. Da damina tayar za ta nutse a taɓo, in ta ci karo da tudu kuma ta ɗaga ƙyauren ta fizge hinji. Sai dai in za a zuba mata hanyar kankare iya inda take bi, wannan kuwa kuɗinsa ya fi na matokari.

Maman_Hanifa:
Barkanmu da safiya. Na auna kamar yadda Malam kafinta ya ce. Awon kusurwa zuwa kusurwa ɗaya ya fi ɗaya da kusan inci 2. Hinjin sama yana motsi, ƙusa ɗaya ma ta fito rabi. Hinjin irin na ƙofar ɗaki ne, guda biyu. Ginshiƙin kuma ya ɗan kwanto wajen ƙofar, ba sosai ba, amma in na tura shi da hannu yana girgiza. Icen turare ne. Ke nan duka ukun ne suka same ni?

Kafinta_Naibawa:
Haka yake yawan faruwa Hajiya, ɗaya ke jawo ɗaya. Amma ki fara da ginshiƙi. In kin gyara ƙyaure kin mayar da shi kan ginshiƙin da ke girgiza, aikin banza aka yi. A cire ƙyauren gaba ɗaya a kwantar da shi a ƙasa mai lebur, a tura kusurwoyin har awon nan biyu su zo daidai, sannan a yanka matokari ya shiga gurbinsa cif-cif, ba a ɗora shi a kai a buga ba. Inda zai haɗu da katakon tsakiyar nan sai a yi musu gurbi su shige juna.

Hinjin ɗaki kuma a ajiye shi. A sayo dogo mai harshe, wanda harshensa zai kwanta a kan katakon sama da na ƙasa, aƙalla inci 12, in an samu wanda ya fi haka ya fi. A huda a ɗaure da bol da noti, a sa washa. Ƙusa ba ta riƙe hinjin waje, domin katako kumbura yake da damina ya tsuke da hunturu, kowace shekara ramin ƙusa ƙara faɗi yake.

Injiniya_Samaru:
Bari in ƙara lissafi kaɗan a kan hinji, don a ga dalilin da ya sa na sama ne kullum yake fara sakewa. Hinjin sama jan sa ake yi waje, na ƙasa kuma danna shi ake yi cikin ginshiƙi. A ɗauka ƙyauren Hajiya kilo 30 ne. Faɗinsa ƙafa 5, tsakiyar nauyinsa ke nan tana ƙafa 2 da rabi daga ginshiƙi. In tazarar hinjin biyu ƙafa 3 ce, ƙarfin da ke jan na sama ya kai na kilo 25. In aka matso da su kusa da juna, tazara ta koma ƙafa 1 da rabi, jan ya zama na kilo 50, alhali ƙyauren bai ƙara nauyi ba. Don haka a raba su nesa da juna iya yadda zai yiwu. Sannan yaro mai kilo 20 in ya ɗafe bakin ƙyauren yana lilo, ya ƙara wa hinjin sama jan da ya haura kilo 30 shi kaɗai.

Maman_Walid:
Wannan magana ta lilo ita ce gaskiyar gidana. Ba ruwa ba gara, yara ne suka kwantar mana da namu. Da ka juya baya sun hau. Sai da babansu ya rufe cikin da kwano ta yadda ba inda za su sa ƙafa.

Baba_Na_Gumel:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Ina karanta ku tun jiya. Maganar ginshiƙi nake so in tsoma baki. Turare da aka sare ɗanye aka kafa a ƙasar da ake ba ruwa, gara da danshi ba za su bar shi ba. Ɗiyata, ki tona gindinsa kamar tafin hannu ki soka wuƙa. In ta shige da sauƙi, ya riga ya tafi, kada ki ɓata siminti a kansa. Mu da muka taso, in ana son abin da za a kafa a manta da shi, ƙirya ake nema, ko azarar giginya wadda ta ƙosa, baƙar nan ta gefen waje. Gara ba ta cika samun yadda take so da su ba. Sai dai ƙirya ta yi wuya yanzu, masu gawayi da masu sassaƙa turmi sun ci ƙarfinta, ni kuwa ba zan ce a je a sare 'yar wadda ta rage ba.

Wani abu kuma. Ƙyamaren zaure na da ba su da wannan hinjin naku. Katakon gefe ake barin sa ya zarce sama da ƙasa, ƙafarsa ta zauna a ramin dutse ko guntun ice mai tauri, kansa ya shiga rami a azarar sama. Nauyin duka a ƙasa yake zaune, ba a jikin ginshiƙi yake rataye ba. Har yau in ka shiga ƙauye za ka tarar da irinsu suna aiki.

Walda_Panteka:
Allah ya ƙara girma Baba. Wannan dabarar har yanzu muna yin ta a manyan get masu nauyi, ƙafar tana juyawa a kan ƙarfe da aka binne a kankare, sama kuma abin riƙewa ne kawai. Ban taɓa lura cewa iri ɗaya ce da ta ƙyamaren zaure ba. Hajiya, ga shawarata a kan ginshiƙi tunda turaren ya fara girgiza: fayif na ƙarfe inci 3 mai kauri, ba mai laushin nan da ake yin rumfa da shi ba. A yi masa fentin hana tsatsa, a yi waldar guntayen rodi biyu a gicciye a gindinsa don kankare ya kama shi, a cika cikinsa da kankare ko a toshe samansa. In an bar bakin a buɗe ruwan sama zai taru a ciki ya ci shi daga ƙasa, ba mai gani. Ƙyauren katakon nata sai a rataye shi a jiki, ba sai an yi sabo ba.

Birkila_Rigasa:
Kowa na maganar sama, ba wanda ya tambayi zurfin rami. Yawancin ƙananan ayyukan nan ƙafa 1 ake tonawa a cusa ice a tattaka da ƙafa. Ƙa'idar da muke bi, kashi ɗaya cikin uku na tsawon ginshiƙin ya shiga ƙasa. In ƙafa 5 ko 6 ne a waje, to ramin ya kai ƙafa 2 da rabi zuwa 3. Kwaɓin kuma kwanon sarki 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, kada a cika ruwa. A tokare ginshiƙin da katako ya tsaya a miƙe, a duba da igiya da dutse ta fuska biyu. Sai babban abin da mutane ba sa haƙuri da shi: kada a rataya ƙyaure washegari. A riƙa yayyafa wa kankaren ruwa har kwana 7 tukuna. Cikakken ƙarfinsa ma sai ya kwana 28 yake kai wa. A wannan makon sai a toshe ƙofar da zana ko ƙaya saboda awaki.

Bakatsine77:
In ice za a sake sawa, a jiƙa gindin da baƙin mai. Gara ba ta kusantarsa.

Malama_Hydro:
Don Allah ban da baƙin mai a lambun da ake cin ganyensa. Man da aka juye daga inji yana ɗauke da dattin ƙarfe da guba, yana kuma bin ruwa ya shiga ƙasa. Nan zogale ne da alayyafo, wataƙila ma akwai rijiya a kusa. In dole sai ice, a babbaka gindin a wuta har bayansa ya yi baƙi, a zuba tsakuwa a ƙasan ramin don ruwa ya riƙa tsiyayewa.

Bakatsine77:
Malama ai ɗan kaɗan ne, ba zubawa za a yi a kan shuka ba. Kowa haka yake yi a garinmu.

Malama_Hydro:
Na sani ana yi ɗan'uwa. Amma ga fayif, ga babbakawa, me zai sa a kai shi inda ake shuka abin miya?

Kafinta_Naibawa:
A kan zuba wa ice kankare ina da ja. Na sha tone ginshiƙin da aka yi wa haka in tarar ya ruɓe daidai wuyansa, inda ya fito daga simintin. Icen yana tsukewa da rani, sai 'yar kafa ta buɗe tsakaninsa da kankaren, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita. In fayif ne a zuba kankare. In ice ne, ni na fi son tsakuwa da jar ƙasa a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana kirɓawa da taɓarya har rami ya cika.

Birkila_Rigasa:
Wannan in an yi kankaren kamar kwano ne, an rufe ƙasansa. Ka bar gindin icen ya zauna a kan tsakuwa, kankare ya zagaye gefe kawai, ka tayar da samansa ya ɗan fi ƙasa tudu ya gangara waje. Ruwa ba zai kwanta ba. Kirɓen ƙasa ba zai riƙe ƙyaure mai ƙafa 5 a wurin da ake ban ruwa ba.

Modu_Dikwa:
Ku da kuke da jigawa da jar ƙasa kun ji daɗi. Mu nan ƙasar firgi ce, baƙar laka. Da rani ta dare har hannu yana shiga, da damina ta kumbura ta rufe. Ginshiƙi ko da kankare sai ta juya shi, bana ya kwanta gabas, baɗi ya kwanta yamma. Abin da muke yi, a haɗa kan ginshiƙan biyu da ƙarfe ko katako ta sama, yadda mutum zai wuce ta ƙarƙashi. In za su motsa sai su motsa tare, sakata ba ta ɓata da raminta. Ban san irin ƙasar Funtuwa ta wajenku ba Hajiya, amma in tana darewa da rani ki yi tunanin wannan.

DanFadama:
Funtuwa akwai laka a wurare, ƙasar auduga ce ai. Kuma ita wayar shingen ma a duba. In a jikin ginshiƙin ƙofar aka ɗaure ta aka ja, gara ma, tana jan sa baya. In kuwa ta saki, ba abin da ke taimakonsa. Ana iya kafa wani guntun ginshiƙi a bayansa cikin layin shingen, a ɗaure kan na ƙofar da gindin wancan da waya a murɗe.

Yar_Maradi:
Ni abin da ban gane ba, me ya sa sai ƙafa 5? Baro ai ba ya buƙatar haka, mita 1 ta ishe shi. In don amalanke ne wani lokaci, a yi ƙyaure biyu ƙanana, ɗaya a kulle da sakatar ƙasa, ɗaya a riƙa shiga. Kowane ginshiƙi ya ɗauki rabin kaya.

AbuSadiq_Gusau:
Tunda an ƙi tayata, to a sa dutse ko guntun bulo a inda bakin ƙyauren yake tsayawa in an rufe, ya riƙa hawa kai. Ai yawancin yini a rufe yake. Hinji ya huta.

Kafinta_Naibawa:
Wannan kam na yarda da ita AbuSadiq, kuma ba ta cin ko sisi. A kuma rage kwanon in mai kauri ne, ko a sa ragar waya a rabin sama, don iskar farkon damina in ta bugi fallen kwano duk a kan hinji take sauka.

Maman_Hanifa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba na Gumel, na tona na soka wuƙa, ta shige kamar inci 1, kuma na ga ƙasar gara a jiki. Don haka turaren zai fita. Na fi karkata ga fayif da kankare kamar yadda mai walda da birkila suka ce, a gyara ƙyauren da matokari da dogon hinji. Maigidan kuma ya fi son a raba shi biyu kamar yadda 'yar'uwata ta Maraɗi ta kawo, sai dai wannan yana nufin fayif biyu da hinji huɗu. Muna kan magana. Abin da ban sani ba, in fayif ne, yaya za a haɗa hinjin da shi tunda ƙyauren katako ne? Sai an kawo injin walda har gida?

Walda_Panteka:
Ba sai an kawo ba Hajiya. A kai fayif ɗin shago a yi waldar ƙugiyoyin hinjin a can, amma a je da awon tazarar katakon sama da na ƙasa na ƙyauren, a rubuce. Wajen kafawa kuma a tabbata ƙugiyoyin suna kallon inda ya kamata kafin kankare ya kama, kuma a bar kamar inci 2 tsakanin ƙasan ƙyauren da ƙasa.

Birkila_Rigasa:
Inci 2 ya yi kaɗan a lambu, ƙasa tana taruwa a bakin ƙofa da damina. A bar 3.

Maman_Walid:
Inci 3 'yan tsaki za su shige fa. Hajiya kina da kaji a gidan?